Saƙon da Haruna Ya Ba Tela

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake saukar da ciwo, kuma yake ɗauke shi ranar da ya ga dama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Sunansa Haruna. Shi ne ɗana na fari, kuma wannan ne karo na farko da na sa sunan nan a takarda ba don wani ofis ya tilasta mini ba. Na rubuta labarin jinyarsa da ajami kamar yadda na saba, na sa aka mayar da shi boko, domin iyaye irina, na nan Makka da na gida, su karanta kada su yi abin da na yi.

Ni tela ne, sunana Sani. Na zo daga Kano ina saurayi da niyyar aikin hajji, sai na zauna. Na daɗe ina ɗinki a unguwar Tandabawi, da aka rushe gefenmu muka koma Utaibiyya, cikin wani tsohon bene mai matakala a tsaye, mu a hawa na uku, shagona a ƙasa. A gidanmu na Kano uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama su yi hira. Mahaifinmu bai taɓa kiran sunan yayana Habu ba har ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ya sonsa. Haka na tashi na gani, haka na zo da abina Makka. In zan yi maganar Haruna sai in ce "yaron nan".

Yana da shekara shida Yaya Habu ya zo umara daga Amurka, inda yake aiki. Allah bai ba shi haihuwa ba. Ya ce in ba shi yaron ya riƙe. Ɗan fari dama na dangi ne, ban yi musu ba. Uwarsa, Hajiya Rabi, ta shige ɗakin girki ta yi kukanta a can don kada a ce ba ta da kunya.

A can ya girma, ya yi tsawo kamar kakansa, ga gudu. Sai muka ji ya shiga wasan ƙwallon da suke yi a ƙasar, wanda ake cafewa da hannu. Ƙwallon kamar gwanda take mai tsini biyu, 'yan wasan kuma kowa da hular kwano da kafaɗu a cushe. Aikin Haruna shi ne ya zura da gudu ta gefen fili, wani ya jefo ƙwallon daga nesa, shi kuma ya cafe ta a sama. Yaya Habu yakan bugo waya cike da murna.

"Sani, ɗanka fa babu irinsa! Duk abin da aka jefa sama nasa ne."

In ce, "To, madalla. Ya iyali?"

Daga makaranta wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Ya yi shekara tara ana biyansa, ana sayar da riga mai lambarsa. Samarin unguwa sukan zo shagona da wayar hannu su ce, "Ammu," wato baffa, "dubi ɗanka." Sai in sunkuyar da kai kan keke in ce zare ya tsinke mini. Allah ya sani a ciki ina jin daɗi kamar in tashi sama. Amma ban taɓa kallon wasansa ba ko sau ɗaya. Da yake zuwa umara jefi-jefi, in ya gaishe ni in amsa, in tashi in ba shi wuri.

Gwiwa ce ta raba shi da wasan. Bayan nan Yaya Habu ya rasu, aurensa da wata 'yar can ya mutu. Yana da shekara talatin da tara ya zo mana a watan Rajab, ya ce wata ɗaya zai yi. Bai koma ba.

Makon farko ciwon kai ne. Yana sa baƙin tabarau har cikin ɗaki, yana kashe fitila. Muka ce gajiyar hanya ce da ranar Makka. Mako na biyu ƙanwarsa Maryam, wadda ita kaɗai ta rage a gabanmu, ta gan shi ya yi la'asar raka'a shida, ya sallame, ya tashi zai sake. Ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya mini. Na ce wa Maryam ta tambaye shi ko lafiya. Ni da nake ɗaki ɗaya tsakanina da shi, aike na yi.

Mako na uku muka je ɗawafi bayan la'asar. Abokina Alhaji Mamman, Badamagare mai tsire a bakin layinmu, shi ya jera da shi, ni ina baya da taku biyar ko shida. Aka cika bakwai. Haruna ya ce, "Saura nawa?" Mamman ya ce, "An gama, ɗana." Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da zagaye kamar bai ji ba. Ana cikin haka wani mai tura tsohuwa a keken marasa lafiya ya buge shi ta gefe. Ba wani bugu ba ne, irin na cunkoso ne. Haruna ya juya ya hankaɗe mutumin har ya faɗi can, sannan ya durƙusa a tsakiyar jama'a, ya rufe kansa da hannu biyu yana kuka. Askarawa suka zo. Mamman ya yi ta ba su haƙuri da Larabci, yana cewa marar lafiya ne, har suka ƙyale mu. Ni ina tsaye. Hannuna ya miƙa rabin hanya, ya dawo.

Daga ranar shawara ta fara shigowa gidan kamar ana aiko ta. Ƙawar Hajiya ta ce sammu ne, matar da ya saka ce ta biyo shi da shi. Wani ɗan uwanmu da ke aikin abinci a Arfa lokacin hajji ya ce kambun baka ne, mutumin da dubban mutane suka yi ta kallo dole wani ido ya kama shi. Mamman ya ce, "Mutum ya shekara talatin a garin da ba ka jin kiran salla, ai dole wani abu ya raɓe shi." Aka kawo mai ruƙiyya sau uku. Aka yi masa ƙaho a ƙeya. Ya sha man habbatus sauda da zuma, ya yi wanka da zamzam. Ni kuma na ɗauko allona da na ɓoye a bayan akwati, domin a nan ba a son ganin irin wannan, na yi masa rubutun ayoyin waraka kwana bakwai. In na wanke sai in ba Maryam ta kai masa. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma waɗanda suka kawo su don Allah suka yi, Allah ya saka musu. Abin da nake kuka da shi, mako bakwai muka yi ba mu ga likita ba.

Abin da ya tashe mu, wata safiya uwarsa ta kawo masa shayi da burodin tamis, ta ce ya sha kafin ya huce. Ta faɗa sau biyu. Sai ya ɗauki kofin ya jefa bango, kusa da kanta. Da ya ga abin da ya yi ya kama ƙafarta yana cewa, "Inna, ba ni ba ne, wallahi ba ni ba ne." Maryam ta sauko shago ba ko sallama. Ita haihuwar nan ce, in ranta ya ɓaci Larabci ke fara fitowa.

"Baba, halas, ya isa. Gobe mustashfa, asibiti. In ba za ka ba, ni zan kai shi."

Wanda bai taɓa jinyar baƙo a garin nan ba, ya shirya wa takardu. Haruna ba ɗan ƙasa ba, ba mai iƙama ba, wato takardar zama, bizar ziyara ce ake ta sabunta masa. Takardun inshorarsa na Amurka aka juya su gaba da baya aka ce ba su aiki a nan. Muka koma asibitin kuɗi. Ranar farko mun zauna daga hantsi har bayan azahar, aka kai mu wurin likitan ƙashi, don ya ga tabon aiki a gwiwa. Mako na gaba likitan ido ya ba shi sabon tabarau. A zuwa na uku ne wani ma'aikacin jinya, ɗan Indiya, da ya ga Haruna ya tambaye shi ina banɗaki sau uku a cikin minti kaɗan, ya ja Maryam gefe ya ce mu nemi likitan ƙwaƙwalwa a Jidda. Ban san sunansa ba, amma ina sa shi a addu'a. Aka ba mu rana sai bayan mako uku. Hoton kai kaɗai ya fi ɗinkina na wata biyu, Haruna ne ya biya daga abin da ya rage masa.

Mamman ya kai mu Jidda a motarsa. Likitar mace ce, 'yar Sudan, dattijuwa mai magana a hankali. Ta duba hotunan, ta sa shi ya zana agogo, ya kasa jera lambobin. Sannan ta juyo gare ni.

"Ya Hajji, sau nawa ya taɓa suma a wasa?"

Na ce ban sani ba.

"Yaushe ya fara mantuwa? Yana barci? Yana shan wani magani?"

Na ce a tambayi ƙanwarsa. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Kai ne mahaifinsa?"

Na ce ni ne. Ta kawar da kai ta juya ga Haruna, na fi son da ta zage ni.

Haruna ne ya ba ta amsa da Turanci, Maryam na mayar mini. Ya ce waɗanda aka rubuta sau biyar ne ko shida. Waɗanda ba a rubuta ba, na ganin wuta-wuta a ido, bai san iyakarsu ba. Ya ce mai irin aikinsa idonsa na sama yana bin ƙwallo, ba ya ganin wanda ke tahowa. In ka waiga don ka kare kanka, ƙwallon ta wuce, in ta wuce sau biyu an ba wani gurbinka. Shi abin da ya sa ya yi suna ke nan, ba ya waige. In ya faɗi sai a nuna masa yatsu a ce nawa ne, ya faɗa, ya koma fili. Ya ce ya san abin da ke damunsa tun kafin ya zo, domin abokan wasansa biyu sun riga shi shiga ciki. Ya ɓoye mana ne don kada mu ce ya zo mana da kaya.

Akwai robar nono a kan teburinta, abincin ranarta. Ta ɗauka ta girgiza da ƙarfi, ta buɗe ta nuna mini.

"Robar ta fashe?"

Na ce a'a.

"Amma na ciki ya tsinke. Hular da yake sawa robar take karewa, wato ƙoƙon kai."

Ta ce wannan ciwo ba a iya tabbatar da shi a hoto, sai bayan mutum ya rasu an duba ƙwaƙwalwar. Ta ce babu maganin da zai mayar da abin da ya tafi, sai na barci da na rage fushi. Sannan ta faɗi maganar da har yau take kunnena.

"Ku riƙa kiran sunansa. Ku riƙa gaya masa ko ku su wane ne tun yana ganewa. Ku zauna da shi. Musamman kai, ya Hajji."

Maryam ta sunkuyar da kai.

A hanyar dawowa ina gaba kusa da Mamman, su biyu suna baya. Mun wuce rabin hanya. Sai na ji muryarsa, da Hausarsa irin ta yara wadda ya riƙe daga gidan Yaya Habu.

"Baba, ka taɓa ganin wasana?"

Ga Mamman a gefena, ga Maryam a baya. Na ji kunya ta rufe ni kamar an yaye mini riga a kasuwa. Na ce, "Ina dai jin ana faɗa."

Ya ce, "To."

Da muka iso suka hau sama, Mamman ya kashe mota bai buɗe ƙofa ba.

"Kai Bakano, dutsen Arfa ya fi ka taushi. Yaro ya tambaye ka abu ɗaya."

Na ce, "Ku Damagarawa me kuka sani game da kunya?"

Wasan da muka saba ke nan shekara talatin, amma ranar bai yi dariya ba. Ya ce, "Kunyar nan wa ya koya masa ita? A Kano ɗan fari yana ganin kowane uba haka yake yi wa nasa, ya san ba ƙi ba ne. Shi wannan a ina zai gani?"

Na san gaskiya ya faɗa. Na ce a raina gobe, in mun kaɗaita, zan yi masa magana. Goben ta zo aka kawo ɗinkin biki. Wata goben yana barci. Wata kuma na hau har ƙofar ɗakinsa, na tsaya, na tambayi Hajiya ko an ga almakashina. Haka na ci wata huɗu. Wannan shi ne kuskuren da na zauna rubutu dominsa.

A cikin watannin nan abubuwa suka yi ta zubewa. Maganin barci yana sa shi layi, aka canja, na biyun ya kumbura masa ƙafa. Kowane wata muna Jidda. Ya daina iya ɗaure igiyar takalmi. Wata rana bayan azahar ya fita ba wanda ya gani. Muka bazu neman sa har kusan magariba, sai wani direba ɗan Maraɗi ya bugo wa Mamman ya ce ga wani dogo a Tandabawi yana tsaye a filin da aka rushe, yana tambayar mutane ina gidan tela. Gidan da ya bari yana shekara shida yake nema. Turancin ma ya fara guje masa, Hausar yarintar ce ta rage.

Mata biyu ba su iya riƙe ƙato irinsa in ya tashi fita. Maryam ta lura ƙarar keken ɗinki tana kwantar masa da hankali, sai muka sa masa kujera mai taushi a shago, ya riƙa wuni a nan. Kwana uku muna zaune, shi yana kallon titi, ni ina ɗinki, ina jiran bakina ya buɗe. A rana ta huɗu da safe Maryam ta sauko da shi ta koma. Ya dube ni da fara'a, irin wadda bai taɓa yi mini ba.

"Sannu da aiki, Malam tela."

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Ba kowa a shagon. Na ce, "Haruna."

"Na'am. Ka san ni?"

"Ni ne babanka."

Ya yi dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa tsoho in ya ruɗe.

"A'a, Malam. Babana ba ya kiran sunana."

Na yi kwanaki ina gwadawa. Na nuna masa hoto, na kawo uwarsa ta yi shaida. Duk lokacin da na nace sai ya birkice, ya ce ana so a yi masa wayo. Likitar ta ce in daina, gardama tana ƙara masa wahala, in karɓi duk matsayin da ya ba ni. Haka na zama Malam tela.

Abin da zan faɗa yanzu yana da nauyi, amma gaskiya ce. Da ya daina sanina sai kunyar ta sake ni. Tela ba ya jin kunyar mai zama a shagonsa. Na kira sunansa safe da yamma. Na yanke masa farce, na aske masa gemu, na ba shi abinci a baki ranar da cokali ya gagare shi. Na ce wa Maryam ta sa mana wasanninsa a waya, ta jingina ta da gwangwanin maɓallai. Ranar na fara ganinsa yana gudu. Ban san ɗan Adam yana gudu haka ba. Ya tashi sama tsakanin mutum biyu, ya miƙa hannu ɗaya, ƙwallon ta manne kamar an ɗinka ta a tafinsa. Kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa wani ya zo ta gefe ya haɗa kai da shi. Ƙarar kamar an saki tukunyar ƙarfe daga bene. Jama'a suka tashi suna ihu don murna, shi yana kwance, ƙwallon na ƙirjinsa bai sake ta ba. Aka maimaita wurin sau uku a hankali. Na fita waje na tsaya a rana.

Shi kuwa murna yake yi. Abin da ya manta da yawa, amma wasan bai manta ba. Yakan ce, "Malam tela, dubi nan, zan yi kamar zan shiga ciki, sai in fita waje. Ka ga? Mai tsarona ya tafi sayen goro!" Wata rana dunƙulen zare ya zame daga kan tebur, ya cafe shi kafin ya kai ƙasa, idonsa na kan titi. Daga nan nakan jefa masa da gangan, ya cafe, ya ce, "Hannunka ba laifi, amma ka tsufa." Na lura duk lokacin da ya kai ƙwallo ƙarshen fili sai ya juya ya nuna wani gefe da yatsa. Na tambaye shi. Ya ce, "Gabas ke nan. Su suna cewa addini ne. Ni babana nake nuna wa, ko yana kallo."

Bayan ƙaramar salla, wata rana ina yanka yadi, ya zuba wa almakashin ido har na ajiye.

"Malam tela, kai da kake garin nan, ka san babana? Shi ma tela ne."

Na ce na san shi.

"In ka gan shi ka ba shi saƙo. Ka ce shaddar nan da na yanka, ban san ta mutane ba ce. Jirgi nake so in yi. Ka ce in don ita ce ya ba da ni, na tuba."

Da ƙyar na tuna. Farar shadda ce ta wani alhaji, ya yanka mata baki da almakashi a Tandabawi, na ɗaga murya sau ɗaya, na sayi wata na biya. Bayan mako guda Yaya Habu ya tafi da shi. Ni na manta da ita tun kafin shekara ta zagayo. Shi ya ɗauke ta shekara talatin da huɗu, ya shiga da ita kowane fili, kuma da ciwo ya share masa sunayen mutane bai share ta ba.

Na ce zan kai saƙon. Washegari da aka sauko da shi na ce, "Haruna, na ga babanka. Ya ce shaddar ba komai ba ce, ya manta da ita tuntuni. Ya ce ba don laifi ya ba da kai ba, don yayansa ba shi da ɗa ne, kuma da ya ba da kai ya yi wata guda ba ya cin abinci sosai. Ya ce ya ga wasanka, babu irinka."

Ya riƙe hannuna da hannayen nan nasa manya. "Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Ya wuni yana murmushi. Kashegari da safe ya dubi almakashi ya ce, "Malam tela, ka san babana?" Ya sake ba ni saƙon daga farko. Na sake kawo amsa. Mun yi haka kusan wata uku. Wata rana yakan yi murna, wata rana ya yi kuka, wata rana kafin in gama ya koma kallon titi. Mamman yakan kawo masa tsire ya zauna a bakin ƙofa yana ji, bai ƙara tsokanata ba.

Matakalar nan ce ta ƙarasa shi. Mun sha cewa za mu nemi gida a ƙasa, muna ta jinkiri. Wata safiya Maryam na riƙe da shi suna saukowa, ƙafar da aka yi wa aiki ta lanƙwashe, ya tafi da baya, ƙeyarsa ta bugi dakali. Motar asibiti ta zo da wuri, wannan na gode musu. An kwantar da shi a nan Makka, jini ya taru a kai, aka yi aiki. Ya farfaɗo a rana ta uku. Daga baya ciwon huhu ya shiga, saboda abinci yana bin hanyar numfashi. Masu jinya sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sai dai ana ba mu awa ɗaya da safe, ɗaya da yamma, mai gadin ƙofa kuwa ba ya jin roƙo ko na tsoho.

Rana ta tara da safe na same shi idonsa biyu, an cire masa abin numfashi na ɗan lokaci. Ya gane ni, wato ya gane tela. Muryarsa ta dushe, sai da na kai kunne.

"Ka kai saƙon?"

Na ce na kai. Na faɗa masa amsar duka, kamar kullum, ban rage komai ba. Ya lumshe ido, na ɗauka ya yi barci. Sai ya buɗe ya yi tambayar da bai taɓa yi ba a wata ukun nan.

"To me ya sa bai zo da kansa ba?"

Na ce, "Kunya yake ji, Haruna."

Ya daɗe yana kallona.

"Kunyar me?"

Mai gadi ya leƙo ya ce lokaci ya yi. Da yamma an mayar masa da abin numfashi, bai sake magana ba. Bayan kwana biyu, ranar Laraba da hantsi, Allah ya karɓi abinsa, yana da shekara arba'in da ɗaya. Wasu abokan wasansa sun bugo wa Maryam suna roƙon a bari a duba ƙwaƙwalwar don amfanin na baya. Na fahimci nufinsu, amma ban iya ba. Ni na yi masa wanka da hannuna, ni da Mamman. Aka sallace shi a Harami bayan la'asar tare da sauran mamatan ranar.

Wanda yake da ɗa a wasan da ake haɗa kai, ko wane iri ne, in ya ga ciwon kai da mantuwa da fushin da ba a san shi da shi ba, ya yi addu'a, ya sha zamzam, amma ya nemi likitan ƙwaƙwalwa a makon farko. Kuma a sauko da marar lafiya daga bene tun ƙafarsa na ɗaukarsa.

Sauran maganar ta iyaye ce. Ban ce iyayenmu sun yi kuskure ba, sun yi abinsu a garin da kowa ya san ma'anarsa. Ni na yi nawa ga yaron da ba wanda ya fassara masa. Ina da shekara saba'in da ɗaya, na yi karatun allo, na yi na littattafai gwargwado, na zauna da malamai a garin nan. Tambayar da ya yi mini kalma biyu ce, kuma tun ranar nake neman abin da zan ce masa ban samu ba.

Wanda ya karanta ya roƙa wa Haruna ɗan Sani gafara da rahama. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba shi lafiyayyen kai a gidan da ba a mantuwa. Ni kuma a roƙa mini Allah ya haɗa mu a can, ya gane ni.